Ƙwallar Baba

Yaya Sadiya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin maigidan, ya yaran? Allah ya ƙara lafiya.

Raina a ɓace yake. Ran Litinin sabon ogan ofishinsu Baba ya sallame shi daga gadi a gaban jama'a, wai ya tsufa. Bayan shekara ashirin!

Na iske shi a gida Mararaba, idonsa ya ciko. Na ce, "Baba, kuka kake?"

Ya ce, "Ƙwalla ce, Hadiza, a ido take tsayawa. Sai ta zubo ake ce mata hawaye, kuma wannan yaron bai isa ba."

Ni kam nawa sun zubo, kuma wallahi ban yafe ba.

Ki sa shi a addu'a. Ki kira shi, amma kada ki nuna kin sani. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hadiza