Gwiwar Ɗan Hajji Bahman

Zuwa ga 'yata Mahtab,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya sanyin Tehran? Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Ran Juma'a Hajji Bahman mai gonakin shinkafa ya yi bikin gidansa, aka shirya kokawa, aka ɗaure bijimi a gefen fili don gwani. Suka zo ɗaukata in yi alƙalanci, wai wanda ya busa usur a ƙasashen duniya har aka rataya masa lambobi shi ya dace. Tun rasuwar mahaifiyarki ba mai ƙwanƙwasa ƙofata, sai na bi su da murna.

A karon ƙarshe ɗansa Hormoz ya kama da wani makiyayi, Yadolla. Kin san dokarmu: wanda gwiwarsa ta taɓa ƙasa ya faɗi. Ta Hormoz ta taɓa, ya zabura ya fyaɗa makiyayin da ƙasa. Na kama hannun Yadolla zan ɗaga, sai sanda ta sauka a damtsena. Na ji ƙarar ƙashin kafin zafinsa. Wani na ihu, "Tsohon banza, makaho! Nan ba Turai ba ce!" Mutanen Hajji suka tattake ni, suka fasa wa Yadolla kai. Hannu bai kai sama ba, don haka bijimi bai zama na kowa ba.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Kiyumars

'Yata Mahtab,

Ina gaishe ku duka. Yaya tarin ƙaramin? Ki daina kuka, ɗori ya kama.

Hajji ya zo dubiya da zuma. Ya kira ni Agha don girmamawa, ya ce, "Ido ya tsufa, ba abin kunya ba ne. Juma'a a koma fili ka ɗaga hannun ɗana, a wuce wurin." Na ce ina zuwa.

Ran Juma'ar aka tsayar da Hormoz da Yadolla a fili, kan Yadolla a naɗe. Na wuce Hormoz, na ɗaga hannun makiyayin da hagu, na riƙe har na bayan fili suka gani. Hormoz ya naushe ni a baki, na tofar da haƙora cikin jini. Amma dattawa suka kwance bijimi, suka miƙa wa Yadolla igiya.

Yanzu mai burodi ba ya sayar mini, jiya an farfasa tagogina. Idan ɗakin da kike ta yi mini tayi yana nan, ki turo mijinki da mota. Ya zo da rana tsaka, mu bi ta kasuwa. Ba na so a ce sulalewa na yi.

Ki shafa mini kan yara.
Mahaifinki, Kiyumars