Ilu da sharar kasuwa

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya ƙafar Maman Sadiya? Mu nan Gazara lafiya lau.

An yanke wa Ilu ɗan Kawu hukunci kan raken da ya sara a gonar maƙwabcinsa. Alƙali ya ce tsarin gwamnati yanzu shi ne a auna hukunci da girman laifi, ba za a haɗa shi da ɓarayin shanu ba. Sai ya ba shi sharar kasuwar Makarfi. Kawu ya yi hamdala. Ilu kuwa ya ce min gara gidan yari, don can surukansa ba sa zuwa cefane.

Ka sa shi a addu'a, ka gaida yara. In ka kira shi a waya, ban da “ya aiki”.

Ƙanwarka,
Rabi