Tagar da Ta Yi Ƙasa

Asabar, 4 ga Oktoba

Auta ta zo da ƙawarta mai zanen gidaje, wai za a gyara fuskar gidan nan. Gidan da na ɗora da hannuna shekara talatin da huɗu ke nan, ɗaki biyu da falo. Sun tsaya a bakin titi suna ɗaga waya, ni ina kallonsu ta taga. Daga baya ƙawar ta shigo ta nuna min hotuna: fari da ruwan toka, 'yar rumfa a kan ƙofa, siririn dakali, tukwanen furanni biyu. Ta ce ƙaramin gida ba ya son tarkace, launi biyu sun ishe shi. Na ce na sani, tun ba a haife ta ba nake gini. Komai na amince, sai da ta zo kan taga. Wai ta yi ƙasa da yawa, a ɗaga ta kanta ya daidaita da kan ƙofa. Na ce a taɓa ko'ina ban da tagar nan.

Litinin, 6 ga Oktoba

Wata goma sha ɗaya yau da rasuwar matata, Guntuwa. Allah ya jiƙanta. Har yanzu ba na iya rubuta sunanta na gaskiya, sai wanda nake tsokanarta da shi.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Auta a waya: "Baba, tagar nan fa ita ke ɓata gidan. Kamar mutum ya sa hula ta rufe masa ido." Na ba ta amsar da kowa a layin nan ya haddace: don mamanku na yi ta haka, gajeruwa ce, ina so tana zaune a kan keken ɗinki tana ganin titi. Sai ta ce, "To kai ma ka koma gajere ne? Tun da Mama ta rasu ba ka tashi daga kujerar nan ba."

Yarinyar nan bakin uwarta ta ɗauko kaf. Kuma ba gaskiya ba ne, ina fita. Ranar Talata ma na kai shara bakin titi.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Da hantsi rana takan shigo ta kwanta a kan keken, daidai inda take ajiye almakashi. A nan take zama, ƙafa na taka keke, baki na aiki. Duk wanda ya wuce sai ta tare shi. Mata su tsuguna daga waje su miƙo yadi, ta auna kafaɗar yaro ba tare da ya shigo ba. Idan na dawo aiki fururu da siminti, tun daga kwana nake hango kanta, ta ce, "Tsaya nan, kada ka shigo min da rabin gidan mutane." Ina kewarta. Babu wata hanyar faɗinsa.

Talata, 14 ga Oktoba

Dogo mai walda ya kawo ƙarafan rumfa. Abokina ne tun muna ɗaukar bulo a ka. Ya sunkuyo ta taga kamar zai karye, ya ce, "Kai, fito mana, ni bayana ba zai iya gaisuwar nan ba." Na ce ƙafata na ciwo. Ya ce ƙafar da ta hau bene hawa huɗu da buhun siminti. Ya ajiye ƙarafansa ya tafi, bai ko sha ruwa ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Bari in rubuta, tunda littafin nan ba ya da baki.

Ban yi tagar nan don kowa ba. Kuskure na yi. A lokacin ina ji da kaina, sabon magini, ba na tambayar kowa. Na auna tsayinta daga ƙasa tun ba a yi ciko ba, na manta za a zuba ƙasa kusan bulo biyu kafin daɓe. Ƙofa na farga da wuri na gyara. Taga kuwa linta, kankaren da ake zubawa a samanta, ta riga ta bushe, siminti ya ƙare, ga Guntuwa da tsohon ciki, mai gidan haya kuma yana son ɗakinsa. Ranar da na kawo ta ganin gida, ta tsaya ta dubi tagar nan da ta tsaya mata a gwiwa. Kunya ta kama ni, bakina ya riga ni: "Don ke na yi, ki riƙa ganin titi kina ɗinki." Ta dube ni, ta dubi taga, ta ce, "Kai, na gode."

Daga nan labari ya bi gari. Har wani ya taɓa ce min in yi wa matarsa irinta.

Idan aka ɗaga ta, ban san me zai rage ba. Ƙaryar ce kaɗai abin kirkin da na taɓa faɗa mata da baki.

Laraba, 22 ga Oktoba

An kankare tsohon fenti. Gida ya yi tsirara, abin tausayi. Mai fenti ya ce ba zai fara ba sai an yanke maganar taga.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Auta ta zo ita kaɗai, ta zauna a ƙasa kusa da keken. Na ɗauka faɗa za mu yi, har na shirya nawa. Sai ta ce, "Baba, Mama ta sani fa."

Na ce ta san me.

"Ta san awo ne ya kuɓuce maka. Ta ce tun ranar farko ta gane, don kunnenka ke motsi idan kana ƙarya." Wai sun sha dariyar abin su biyu. Wai duk ruwan da ke fantsamowa ya jiƙa mata yadi, da kajin maƙwabta da ke leƙowa, da labulen da take canzawa duk shekara, ba ta taɓa so ba. A tsakar gida ta so ta kafa kekenta, inda iska take. Amma ta ce mutumin da ya tsaya gabanta yana gumi yana ƙirƙiro mata kyauta, ba za ta bar shi ya ji kunya ba. Sai ta ja keke ta kai wurin.

Shekara talatin da uku tana zaune a kan kuskurena don kada a gane.

Na ce da Auta ta je ta duba ko mai fenti ya rufe bokitansa. Ba na so ta ga fuskata. Na yi kuka, na kuma yi dariya. Kunnena kuma! Matar nan ta gama da ni.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ba wanda zai fasa bangon nan sai ni. Na nemo cokalin gini da igiya a ƙarƙashin gado. Na auna sau uku, daga daɓe.

Talata, 28 ga Oktoba

Na zuba sabuwar linta, na cike ƙasa da layi biyu na bulo. Hannu bai manta ba, baya ne ya manta. Dogo ya riƙe min katako yana ta surutu, wai ashe ƙafar ta warke. Mutanen layi sun tsaya kallo. Matar mai shago ta ce, "Ayya, tagar Mama." Na buɗe baki zan ba ta tsohon labari, sai na ce mata dai ta yi ƙasa ne tun asali.

Asabar, 1 ga Nuwamba

An gama. Fari, da ruwan toka a gindin bango da kewayen taga. Rumfa ta hau, dakali ya bushe. Ba zan gaya wa ƙawar Auta ba, amma gidan ya ƙara tsayi a ido, kamar ya miƙe daga tsugune. Furannin ne ban yarda da su ba, aikin ban ruwa kawai suka ƙara min.

Daga ciki, in ka zauna a kujera, titi ya ɓace. Sai sama da wayar lantarki.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Warin fenti bai bar falon ba, shi ya sa nake zama a waje, ba wani abu ba. Dakalin ma bai yi faɗin da ya kamata ba, ni da Dogo da kyar muke isa, ga tsohon direban nan na ƙarshen layi ya fara zuwa ba a gayyace shi ba. Yau mun yi musu a kan wanda ya fara gini a layin nan har rana ta juya, kuma ni ke da gaskiya.

Auta ta kira ta ce ina na shiga, sau biyu tana bugowa. Na ce wayar na ciki.

Sai yanzu da na ɗauko biro na lura ban zauna a kujerarta ba yau. Jiya ma, ina jin, haka.