Allurar Man Kunkuru

Rehoboth, 9 ga Maris

Zuwa ga Yayana Ewald,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anneline da yara, Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Aberdeen ɗin nan da kake ta ƙorafi a kai. Mu nan lafiya lau. An samu ruwa sau biyu a watan jiya, awakin maigidana Gottlieb sun murmure, shi kuma mai awakin ya ƙara tumbi. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma waƙa a coci. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon waya, domin a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance, kuma wannan zancen sai an kai ƙarshensa.

Maganar Kunkuru ce, motar marigayi Baba mai ɗaki a ciki. Ka tuna abin da na kira ka a kai cikin Janairu: muna dawowa daga Mariental, Mama na tuƙi, allurar da ke nuna mai ta kwanta a kan ja tun kafin Kalkrand. Na nuna mata gidan mai, ta wuce shi ko kallo, ta ce wai akwai saura. Yaya, kalmar Baba ce fa, da irin muryarsa. Kilomita ɗari na yi ina addu'a. Kai ka yanke cewa tsufa ya fara taɓa ta, a karɓe makullin, a sayar da motar, tafiyar da take shirin yi Lüderitz wajen Anti Hendrina da bikin Ista kuma a manta da ita. Ni na karɓe makullin, kai kana can. Ba ta yi musu ba, ta miƙo shi kawai.

Amma wani abu ya tsaya mini a rai. In mai ya ƙare tun Kalkrand, da me muka iso gida? Da iska? Tankin lita tamanin yake ci, amma da Gottlieb ya kai ta gidan mai washegari, saba'in da kaɗan ta sha ta ƙoshi, allurar kuma ta ƙi kaiwa sama. Sai na tuna tun muna yara ba ta taɓa nuna cike ba, Baba yana cewa halinta ne. Ka san ni da bin diddigi. Ranar Asabar na kira Festus bakanike, wanda ke bayan makarantarmu ta da.

Festus ya zo yana mita, wai shi motar da ta girme shi ba ya taɓa ta sai ya gaishe ta. Ya fara da fiyus, lafiya lau. Ya bi wayoyi yana kankare tsatsa. Sai ya cire wayar da ta fito daga tanki ya taɓa ta a jikin motar, ya ce in duba. Allurar ta tashi tsaf daga wannan gefe zuwa wancan, abin da ban taɓa gani ba a rayuwata. Ya ce to, gejin ba maƙaryaci ba ne, ƙarya ake kawo masa daga ƙasa. Ya bayyana mini cewa a cikin tanki akwai wani ɗan ƙwallo mai yawo a saman mai, da siririn ƙarfe riƙe da shi, shi ke gaya wa allura inda mai ya tsaya. Wata sa'a ƙwallon yakan huje ya nitse, sai an buɗe za a sani.

Ashe ƙofar tankin tana ƙarƙashin gadon Mama na cikin motar. Muka ɗaga katifa, ya kwance wani murfin katako ya tura shi gefe. Duk wannan Mama na zaune a inuwa tana ɓare wake, wai ba ruwanta, amma na lura waken ba ya ƙaruwa a kwano. Da Festus ya zaro abin, sai ya yi fito. Ƙwallon lafiyarsa ƙalau. Ƙarfen ne aka lanƙwasa, ga sawun filaya nan raɗau, yadda allura za ta ce babu alhali akwai kusan lita ashirin. Ya ce wannan ba tsufa ba ne, hannun mutum ne. Sai ya ɗago robar da aka toshe bakin da ita yana dariya, wai wane bakanike ne yake yanka tsohon tub na taya da ado haka. Na karɓa na duba. Gefenta zigizag ne, irin yankan almakashin ɗinkin Mama mai haƙora.

Na fito da robar a hannu, ban ma yi tambaya ba ta ajiye kwanon. Ta ce in tuna shekarar da mai ya ƙare mana bayan garin Aus, Baba na ta cewa akwai saura. Kai ka fi ni tunawa, kai ne asma ta tasar wa, awa shida cikin rana, ruwan sha ya ƙare, tana yi maka fifita da murfin tukunya. Ta ce da muka dawo ta jira Baba ya tafi aiki, ta buɗe tankin da kanta ta lanƙwasa ƙarfen don ya riƙa shan mai da wuri, don ita ce mai riƙe wa mahaifinta sifana in yana gyaran famfon gona. Na ce to Mama, me ya hana ki faɗa da na karɓe makulli? Ta ce shekara goma sha tara tana yaudarar mijinta, ya tafi ba ta nemi gafararsa ba, gara mu ce ta ruɗe da ta faɗi wannan da bakinta. Wallahi kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Festus dai ya yi kamar bai ji ba, ya koma zai rufe. Da ya juyo murfin katakon don ya kakkaɓe ƙura, sai ya kira ni, ya ce in zo da Mama. A bayan murfin akwai rubutu da baƙin alƙalami, irin manyan baƙaƙen Baba masu karkata: "Bakanike, kada ka miƙe ƙarfen nan. Aikin matata ne, kuma ta fi ni gaskiya." Kwanan watan da ke ƙasa shekara biyu ne kacal bayan Aus. Mama ta sa tabarau ta karanta har sau uku. Ta yi dariya, ta ce ji tsohon munafuki, sannan ta zauna a bakin gadon ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Festus ya tambaya ko ya miƙe ƙarfen. Ta ce ya mayar da shi yadda ya gan shi. Na ɗauko makullin na durƙusa na ba ta, kai ma ka kira ta ranar Lahadi ka ba ta haƙuri, kada ka ce aiki ya yi maka yawa. Lüderitz kuma za ta je, ni ce 'yar rakiya. Na roƙe ta abu ɗaya, ta daina wuce gidan mai. Ta ce ba sai na roƙa ba, Baba da ya san akwai saura ya yi shekara goma sha bakwai yana tsayawa shan mai saboda ita, ita ma daga yau in allura ta taɓa ja za ta tsaya.

Ka gaishe da Anneline, ka shafa mini kan Jolanda da Riaan. Gottlieb yana gaishe ka, Mama ta ce ka riƙa sa hula. Hoton murfin yana cikin ambulan.

Ƙanwarka,
Rosalinde