Fuskarki a Bangon Paris

Zuwa ga ƙanwata Ablavi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jikoki. Ni ma lafiya, sai ciwon gwiwa saboda tsayuwa a baje kolin zane-zane nan Paris.

Zanena na matan kasuwa, ranar da sojoji suka rushe musu rumfuna, ya samu mai saye. Fuskarki ce a tsakiya, domin hannuna ya ƙi ƙirƙiro wata. Jiya wani mai baƙar kwat ya daɗe a gabansa, bai ko taya ba, ya sa aka manna jan ɗigon da ke nuna an saya. Sannan ya gaishe ni da harshenmu, ya ce, "Baba, ai mun san wannan uwar. Har yanzu tana sayar da kifi bakin tasha?"

Kada hankalinki ya tashi, wataƙila ladabi ne kawai. Sai dai ina roƙonki ki rufe rumfa, ki tafi ƙauye wurin dangin mahaifiyarmu, ba tare da kin yi sallama da kowa ba. Barkonon da na ce ki aiko, ki bar shi.

Allah ya tsare ki.

Yayanki,
Komlan