Suwaiba Ta Cika a Ɗakina

Ƙaura Namoda,
14 ga Maris, 2001.

Zuwa ga Yaya Mainasara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, yara na makaranta, Baba Gwadabe kuma ƙafar tasa ta yi sauƙi.

Yaya, ƙanwarmu Suwaiba ta cika ranar Alhamis bayan la'asar, a ɗakina, kanta bisa cinyata. Allah ya jiƙan ta. Saƙonka ya iso mani tun da azumi, cewa in kai ta bukkar gona a Banga kada mutane su gane ciwon da ta dawo da shi daga Shinkafi bayan rasuwar mijinta. Ban kai ta ba, kuma ba na neman gafara a kan haka. Ciki ɗaya muka fito, ba zan aje ta a daji kamar abin kunya ba. Ƙanjamau ne, na faɗa da bakina ga duk wanda ya tambaya.

An yi magana, ba a fasa ba. Wasu sun daina aiko ɗiyansu ɗibar ruwa a rijiyarmu. Wani maƙwabci ya tare ni a ƙofar gida yana cewa yanzu da Shari'a ta zo bai kamata a riƙe irin wannan a unguwa ba. Na ce masa Shari'ar da na sani ita ce ta ce a gaida marar lafiya, a wanke mamaci, in yana da wata ya kawo in gani. Bai sake tare ni ba.

Kuma ba ni kaɗai na yi jinyar ba. Wata malamar asibiti ta nuna mana yadda za mu kula da ita, ta ba mu safar hannu. Hajiya Azumi, tsohuwar nan mai wankan gawa, ta tara mata huɗu muka raba kwanaki: wannan ta dama kunu, waccan ta juya ta a shimfiɗa. Har kitso suka yi mata, ta nemi madubi ta yi dariya. Da ta rasu Hajiya ce ta wanke ta, liman Malam Usmanu ya sallace ta, sahu uku cur.

Kafin ta cika ta tambaye ni ko kana fushi da ita. Na ce mata a'a. Ka zo ka tsaya a kan kabarinta, kada ka mai da ni maƙaryaciya. Ɗiyarta Nusaiba tana wurina, kwano ɗaya take ci da yarana, kuma babu inda za ta.

Ka gaida matarka Ramatu da yara, Salim da Nadiya. Baba Gwadabe yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Kulsumu.