Mai Gadin da Auta Ta Sa Mini

Litinin, 3 ga Maris

Autata ta zo shago da rana, ko zama ba ta yi ba ta jawo kwamfutata gabanta. Wai tunda takardun mutane nake bugawa, na kotu da na neman aiki, dole a sa mini manhajar tsaro kada wani ya leƙa. Yanzu ga wani ɗan hoton garkuwa a kusurwar allo. "Baba, mai gadi na sa maka." Shekara talatin da ɗaya na yi ina buga takardun sirri a ofis ba mai gadi, magana ba ta taɓa fita ta hannuna ba. Na dai ce Allah ya yi albarka.

Alhamis, 6 ga Maris

Likita ya tabbatar. Yanar ido ce, a idanun duka biyu, ta hagu ta fi kauri. Aiki za a yi, kuma sai da mai jinya na sati biyu. Ban gaya wa kowa ba. In Auta ta ji, shi ke nan, ta garƙame shagon ta kwashe ni zuwa ɗakin da ta daɗe tana yi mini tanadi a gidanta, in zauna ina ƙirga kwanon rufi. Na tura wa likita imel na ce a ɗaga tukuna.

Asabar, 8 ga Maris

Ta kawo sabon ƙwan lantarki mai hasken tsiya ta ɗaura a saman teburina. Wa ya ce mata ina ganin duhu?

Talata, 11 ga Maris

Ta bugo waya. "Baba, don Allah ka daina hawa babur in rana ta faɗi." Jiya-jiyan nan likita ya rubuto mini haka, na amsa masa na ce na ji. Kusan kalma da kalma! Na ajiye wayar na zuba wa garkuwar nan ido. Mai gadi ne ko ɗan rahoto? Ai ba ni na ɗauke shi aiki ba.

Laraba, 12 ga Maris

Na ɗana tarko. Na buga takarda cewa zan sayar da shagon in shiga kiwon jimina, na ajiye ta a kwamfuta da babban suna. Mu gani.

Juma'a, 14 ga Maris

Ta zo, ta sha ruwa, ta tafi, ba maganar jimina. Ko dai ɗan rahoton malalaci ne, ko yarinyar ta fi ni wayo. Ta uwarta ta ɗauko, wadda za ta san abu wata guda ba ta nuna a fuska ba. Na liƙe kyamarar da filasta.

Asabar, 15 ga Maris

Na sungumi kwamfutar na kai wa mai gyara na bakin tasha, na ce ya tumɓuke abin nan. Ya daɗe yana dube-dube, ya ce, "Baba, wannan manhajar ba ta kai gulma, toshe ƙofa kawai ta iya. Amma wane ne wannan da kake sawa a layin kwafi duk wasiƙar da ka tura?"

Na ce matata ce, marigayiya.

A ofis an horar da mu, ba a fitar da wasiƙa sai an ajiye kwafi a fayil. Da na yi ritaya ita ce fayil ɗina. Duk wasiƙar da na tura ta ƙashin kaina, adireshinta na sawa a kwafi, ta adana. Ta rasu, hannuna bai daina ba.

Ya ce, "To wayarta tana hannun wa yanzu?"

Nan take na tuna. Ni da kaina na miƙa wa Auta wayar, da caja da komai.

Lahadi, 16 ga Maris

Haushi nake ji, kuma na rasa wanda zan sauke wa. Shekara biyu ina tura mata sirrina da hannuna! Sauƙinta dai takardun mutane ba sa ciki. Amma ta karanta inda na ce wa likita 'yata ba za ta bar ni in sake ba, gara kada ta sani. Ta karanta wannan, ta fita ta sayo ƙwan lantarki.

Laraba, 19 ga Maris

Yau na sa wa wani malamin makaranta lambar waya ba daidai ba a takardarsa, sai da ya nuna mini da yatsa. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Na rubuta wa likita na karɓi ranar ashirin da bakwai a yi aikin. Mai gyara ya nuna mini yadda ake goge adireshin daga layin kwafi, dannawa ɗaya ce. Na kai yatsa, sai na ga ba sauri nake ba, a bar shi zuwa wani lokaci. A ƙasan wasiƙar na ƙara cewa ƙarfe bakwai na safe zan shirya, kuma sati biyu na yarda, ba wata biyu ba, daga nan a mayar da ni shagona. Likita zai yi mamakin me ya haɗa shi da wannan.